Iri Da Ƙasa: Darasin Da Ke Cikin Tarihin Baƙi Da 'Ya'yan Baƙi

Duk manomin da ke ƙasar Yankwashi ya san wani abu da ba sai ya shiga aji an koya masa ba. In ya ɗebi irin gero daga dami guda, ya raba shi biyu, ya shuka rabi a gonar da ta sha taki, ya watsa rabi a kan faƙo, to ranar girbi ba mai yarda cewa daga zangarniya ɗaya suka fito. Na farko zai cika rumbu, na biyu kuwa da ƙyar zai mayar da irin da aka zuba. Manomin ba zai zagi irin ba, domin ya san laifin na ƙasa ne.

Haka nan kuma in mutum ya zagaya gonakin Karkarna da Roni da Gwiwa, ya ƙidaya abin da ake nomawa, zai tarar da yawansu baƙi ne. Gero da dawa 'yan asalin Afirka ne, amma gyaɗa da rogo daga Kudancin Amurka suka fito, masara daga Meziko, tumatir da barkono su ma daga nahiyar Amurka, mangwaro da darbejiya kuwa daga yankin Indiya. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, har ta riƙe tattalin arzikin Arewa shekara da shekaru, jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka ƙetaro da ita zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Yau ba wanda ke tambayar ƙuli-ƙuli takardar shaidar asali.

Ra'ayin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, abin da ya tabbata a kan iri ya tabbata a kan mutane. Idan aka ga baƙo ko ɗan baƙo ya shahara a wata ƙasa, akan yi saurin cewa ai jininsu ne haka. Tarihi da kimiyya ba su goyi bayan wannan magana ba. Abin da suka nuna shi ne hannu biyu ne ke ɗaga irin wannan mutum: hannun malamin da ya fara koya masa a gida, da hannun wanda ya buɗe masa ƙofa ya miƙa masa kayan aiki a inda ya sauka. Ƙasar da ta iya waɗannan ayyuka biyu ita ke cin riba, wadda ta kasa kuwa ita ke asara.

Baƙin da suka zama 'yan gari

Ba sai an je nesa ba kafin a sami misali. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da malamansu da littattafansu. A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, Shehu Muhammadu al-Maghili ya iso Kano daga Tilmisan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki, kuma har yanzu akwai zuriyar da ke danganta kanta da shi a unguwar Sharifai. Babu Bakanon da zai kira waɗannan gidaje baƙi a yau.

A fagen kasuwanci, Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga Agalawa ya fito, wato fataken da kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, sa'an nan da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912 ya shiga cinikin gyaɗa, har ya zama attajirin da ba kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, shi ne ya gina matatar man fetur ta Legas da aka ƙaddamar a 2023, wadda aka tsara ta tace ganga 650,000 a rana. A fagen adabi kuwa, Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, asalin gidansu Barno ne, amma shi ne ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Hatta makarantar boko ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, mutumin da aka haifa a birnin Basel na Suwizalan ne ya kafa ta, wato Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa.

Ƙasar Kazaure ma ba a bar ta a baya ba wajen karɓar baƙi. Masarautar, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi, an kafa ta ne a 1819 ƙarƙashin Ɗantunku, ɗansa Dambo kuma ya mai da garin Kazaure mazaunin sarauta. Tana zaune ne tsakanin Kano da Katsina da Daura, a kan hanyar da ke miƙewa zuwa Damagaram, don haka fatake da makiyaya da almajirai suka daɗe suna ratsa ta, waɗansu su wuce, waɗansu su yada zango su kafa gida. In dattawan kowane ƙauye suka ba da labarin kakanninsu, da wuya a rasa wanda zai ambaci Barno ko Azbin ko Damagaram ko Katsina.

Ɗan gari ma baƙo ne a wani wuri

Kamar yadda ƙasar Hausa ta karɓi baƙi, haka ita ma ta aika da nata. Wanda ya fi dacewa ɗalibin kimiyya ya sani shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, masanin lissafi da ilmin taurari. A gida ya yi karatunsa, wurin malaman ƙasar Hausa da na gabas da ita. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato murabba'in da ake jera lambobi a cikinsa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya.

Ɗalibi na iya gwada wannan a bayan littafinsa. Lambobi daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, in aka raba wa layi uku kowane zai sami 15, kuma dole 5 ta zauna a tsakiya. In murabba'in mai gida biyar-biyar ne, lambobi daga 1 zuwa 25 jimlarsu 325, kowane layi ke nan zai ba da 65. Gano jimlar abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen samo ƙa'idar da za ta jera lambobin ko da gidajen sun kai ɗaruruwa, kuma a kan irin wannan ƙa'ida Bakatsinen ya yi rubutu. Abin lura a nan shi ne ilmin daga gida ya tafi da shi. Alƙahira ta ba shi masauki da littattafai da abokan muhawara da masu kwafar rubutu, shi ya sa aikinsa ya tsira har masana tarihin lissafi ke nazarinsa a yau.

A wannan zamani ma akwai irinsa. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da aka haifa a 1966, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine, sa'an nan ya tafi birnin Ditiroyit na Amurka ya koyi zanen motoci. Shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki wadda kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka kira shi gida ya shugabanci hukumar tsara ƙera motoci ta ƙasa. Amina Mohammed kuwa, wadda aka naɗa Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, a Libaful ta Ingila aka haife ta a 1961, mahaifinta ɗan Gombe, mahaifiyarta Baturiya.

Madubi daga Romaniya

Akwai wata ƙasa a gabashin Turai da ta dace a ɗauka a matsayin madubi, domin kaɗan ne ƙasashen da suka kai ta fitar da 'ya'yan da suka shahara a waje. Ita ce Romaniya, wadda ke bakin Baƙin Teku. Ba baƙuwa ba ce ga Nijeriya, domin a shekarun 1970 da 1980 ɗalibai daga nan sun je can karatun likita da injiniya, waɗansu har suka yi aure. Ɗan damben nan Benjamin Adegbuyi, wanda aka haifa a Romaniya a 1985, mahaifinsa ɗan Nijeriya ne.

Duk ɗalibin da ya taɓa zana ƙwayar halitta a darasin bayoloji, ya ɗiga ƙananan ɗigo a cikinta ya rubuta ribosom, to ya zana aikin wani baƙo ɗan Romaniya ne, George Emil Palade. An haife shi a garin Yashi a 1912, mahaifinsa malamin jami'a, mahaifiyarsa malamar sakandare. A Jami'ar Bukarest ya sami digirin likita a 1940, ya kuma koyar da ilmin sassan jiki a can. A 1946 ya tafi Amurka, ba da daɗewa ba Albert Claude, wanda shi ma baƙo ne daga Beljiyam, ya gayyace shi Cibiyar Rockefeller da ke Niyok.

Me ya samu a can wanda babu a gida? Madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron. Madubin da aka saba gani a ɗakin gwaje-gwajen makaranta da haske yake aiki, kuma tun 1873 Ernst Abbe ya nuna ba zai iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashin kai guda ya kai dubun-dubatarsa. Ribosom bai wuce nanomita 20 zuwa 30 ba, don haka duk kaifin basirar mutum ba zai gan shi da madubin haske ba. Da sabon madubin, a 1955 Palade ya bayyana waɗannan ƙananan ƙwayoyi, daga baya aka tabbatar su ne masaƙar da ke haɗa furotin a jikin kowane mai rai. Shi da abokan aikinsa sun kuma bi sawun furotin tun daga inda aka haɗa shi har zuwa inda ƙwayar halitta ke fitar da shi waje, ta hanyar nazarin gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da ruwan narkar da abinci. A 1974 aka ba shi lambar Nobel tare da Claude da Christian de Duve. Amfanin wannan ilmi ya iso har kemis ɗin ƙauye, domin magunguna irin su tetarasaikilin suna aiki ne ta hanyar toshe ribosom na ƙwayar cutar bakteriya, wanda ƙirarsa ta bambanta da na ɗan Adam.

Shingen nan na Abbe ma wani haifaffen Romaniya ne ya tsallake shi. Stefan Hell, wanda aka haifa a Arad a 1962 cikin tsirarun Jamusawan ƙasar, ya yi ƙaura da iyayensa zuwa Jamus a 1978. Bayan ya gama digirin digirgir a Haidilbag, ya sha wahalar samun mai tallafa wa tunaninsa, sai da ya sake zama baƙo a garin Turku na Finlan, inda a 1994 ya wallafa dabarar amfani da hasken leza biyu, ɗaya ya kunna ƙyallin abin da ake dubawa, ɗaya ya kashe na gefe, a bar ɗan ƙaramin ɗigo a tsakiya. Wannan ta kai shi ga lambar Nobel ta kemistiri a 2014. Abin da ya kamata malamai su riƙe shi ne, kafin ya bar Romaniya ya zauna a makarantar sakandare ta Nikolaus Lenau da ke Timishwara, makarantar da Herta Müller ta yi, wadda ta koma Jamus a 1987 ta kuma sami Nobel ta adabi a 2009. Sakandare guda, a ƙasar da ke fama da talauci da mulkin kama-karya, ta ga masu Nobel biyu a kan bencinta.

Sunayen ba su tsaya ga kimiyya ba. Constantin Brâncuși, ɗan ƙauye da ya taso yana sassaƙar itace, ya isa Faris a 1904 ya zama jigo a fasahar sassaƙa ta zamani. Elie Wiesel, wanda aka haifa a Siget a 1928, ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya zauna a Amurka, ya sami Nobel ta zaman lafiya a 1986. Stan Lee, wanda ya shahara wajen ƙirƙiro jaruman littattafan zane a Amurka, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Romaniya. Bianca Andreescu, 'yar baƙi 'yan Romaniya a Kanada, ta ci babbar gasar tanis ta Amurka a 2019, bayan shekara biyu kuma Emma Raducanu ta Ingila, wadda mahaifinta ɗan Romaniya ne mahaifiyarta 'yar Sin, ita ma ta ci.

Jini ne ko ƙasa?

To, ko wannan jerin na nufin 'yan Romaniya, ko Agalawa, ko Wangarawa, suna da wani jini na musamman? Ilmin gado ya amsa wannan tambaya. In aka ɗauki kowaɗanne mutum biyu a duniya aka gwama jerin sinadarin gadonsu, wato DNA, za a tarar sun dace da juna da kimanin kashi 99.9 cikin ɗari. Ɗan abin da ya rage na bambanci kuma, tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari nasa yana tsakanin mutanen al'umma guda ne, ƙalilan ne kawai ke raba wata al'umma da wata. Ma'ana, yara biyu a aji ɗaya a Karkarna na iya bambanta da juna a gado fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da wani yaro a Bukarest. Gaskiya ne mutane ba su zama ɗaya a baiwa ba, amma baiwar a warwatse take cikin kowace ƙabila, ba a tara ta gida ɗaya ba.

Jerin sunayen da aka kawo ma da kansa ya rushe maganar jini, domin a cikinsa akwai ɗan ƙabilar Romaniya da Bajamushe da Bayahude da ruwa-biyu. Abin da ya haɗa su shi ne yanayi. Na farko, da yawansu sun sami tushen karatu mai ƙwari kafin su tashi. Na biyu, wanda ya yarda ya bar garinsu don neman ilmi galibi mai himma ne tun asali, ga shi kuma ba shi da gadon gona ko sarauta a inda ya sauka, don haka ya san kansa da hannunsa kaɗai ne jarinsa, haka kuma yake tarbiyyar 'ya'yansa. Na uku, ya zo da ido na dabam, yana ganin abin da 'yan gari suka saba da shi har suka daina gani. Sa'an nan uwa uba, an buɗe masa ƙofa. Da Cibiyar Rockefeller ta ce sai ɗan asalin Niyok zai taɓa madubinta, da wani labarin ake yi.

Hujjar masu ja

Akwai masu cewa wannan duk yabon ƙaura ne, alhali gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Romaniya ta biya farashi mai tsada: ƙidayar 1992 ta sami mutum kusan miliyan 23 a ƙasar, ta 2021 kuwa kimanin miliyan 19, kuma ƙaura na cikin manyan dalilai, musamman bayan shigarta Tarayyar Turai a 2007, lokacin da likitoci da ma'aikatan jinya suka yi ta ficewa. Lambar Nobel ɗin Palade a lissafin Amurka ta shiga. Nijeriya ma ta san wannan ciwo, domin duk likitan da aka horar da kuɗin talakawa ya tafi Ingila ko Saudiyya, layin marasa lafiya ne ya ƙara tsawo a asibitin karkara. Kuɗin da mazauna waje ke aikowa, wanda ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2022, yana ciyar da iyalai, amma ba ya yi wa mai naƙuda tiyata.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. Jerin shahararru yana ɓoye dubban da suka tafi ba su dawo da komai ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Galibinsu daga yankin Kance suka fito, wanda ba shi da nisa da iyakar Daura da Babura. Duk saurayin da ke jin labarin Palade ya ɗauka tafiyar ce ta ɗaukaka shi, to bai fahimci labarin ba. Palade da digirin likita ya sauka Amurka, Bakatsine kuma yana malami ya isa Alƙahira. Tafiya mabuɗin ilmi ce ga wanda ya riga ya iya karatu.

Amma maganin wannan ciwo ba rufe ƙofa ba ne. Afirka ta Yamma ta gwada korar baƙi fiye da sau ɗaya a idon mutanen da ke raye. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, ciki har da Hausawa da Yarabawan da suka yi shekaru a zango-zango, kasuwanci da noman koko suka ji jiki. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, cikinsu har da malaman makaranta. Babu ɗayan ƙasashen biyu da ta yi arziki da wannan mataki.

Maganin da tarihin Romaniya ya nuna shi ne gyara ƙasar shuka, ta yadda wanda ya tafi zai sami abin dawowa dominsa. Victor Babeș a Biyana aka haife shi a 1854, ya yi karatu da aiki a Budafest da Faris da Balin. A 1887 gwamnatin Romaniya ta kira shi Bukarest ta ba shi cibiyar bincike, shekara guda bayan haka ya gano ƙwayar cutar da ke shiga jajayen ƙwayoyin jinin shanu ta sa su zazzaɓi da fitsarin jini. Da sunansa ake kiran ƙwayar, wato Babesiya, kuma daga baya aka tabbatar kaska ce ke yaɗa ta. Makiyayin da ke cire wa shanunsa kaska a dajin Gwiwa yana yaƙi ne da cutar da wannan mutum ya fara gani. Haka Emil Racoviță, masanin halittu da ya shiga ayarin jirgin ruwan Belgica zuwa yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya daga 1897 zuwa 1899. Ya yi shekaru yana aiki a Faransa, amma da aka ba shi dama a Jami'ar Kuluj ya koma gida a 1920, ya kafa cibiyar nazarin halittun kogo ta farko a duniya. Duka biyun sun dawo ne domin an tanadar musu wurin aiki da kayan aiki.

Aikin da ke gaban ƙasar Kazaure

Wannan yanki ya taɓa ganin amfanin irin wannan tanadi. A 1977, lokacin Kazaure na cikin Jihar Kano, aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka riƙa zaɓo yara masu hazaƙa daga birni da ƙauye, aka ba su ɗakunan gwaje-gwaje da malamai, waɗansunsu baƙi daga Indiya da Pakistan da Gana. Daga cikin waɗannan yara aka sami likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa. Irin bai sake ba, ƙasar ce aka yi wa taki. Yau ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021. Amma manyan makarantu ba sa yin girbin abin da sakandare ba ta shuka ba.

Saboda haka nauyin farko a wuyan hukumomin ilmi yake. Makarantar da ake koyar da bayoloji a kan allo kawai, yaro ya gama aji shida bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ya ga ƙwayoyin halitta a ɓawon albasa ba, faƙo ce. Madubi guda mai aiki, da malamin da ake biya albashinsa a kan kari, sun fi dogon jawabi a ranar rabon kyaututtuka. Malamin da ke ƙauye kuma kada ya raina aikinsa, domin waɗanda suka koyar a sakandaren Timishwara ba su san wa ke zaune a gabansu ba.

Nauyi na biyu ya shafi takardar shaidar asali. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito, amma a aikace akan sami yaron da aka haifa a gari, ya yi firamare da sakandare a garin, iyayensa na biyan haraji a garin, sa'an nan a ce masa baƙo ne ranar rabon gurbin karatu ko tallafi. Wanda ke riƙe da hatimin ofis ya tuna da Ɗantata da Abubakar Imam kafin ya mayar da irin wannan yaro. Hausawa na cewa ba baƙo ruwa ka sha labari, kuma garin da ya hana baƙo ruwa shi ke kwana da ƙishirwa.

Ɗalibi kuwa, in yana mafarkin ganin Alƙahira ko Landan ko Niyok, ba laifi ba ne, magabata ma sun yi. Sai dai ya fara tara guzurin da ba a ƙwacewa a kan iyaka, wato lissafi da kimiyya da harshe. In ya tafi ya riƙa waiwayen makarantar da ta yaye shi, ko da littafi ne ko madubi guda ko wasiƙar da za ta buɗe wa wani ƙanensa hanya. In kuma ya zauna gida, to yaron da ke kusa da shi a benci, wanda ake yi wa ba'a saboda kakansa daga wani wuri ya zo, abokin aikinsa ne na gobe, kuma babu wanda ya san wanne daga cikinsu ƙasar Kazaure za ta yi alfahari da shi nan da shekara talatin.